Kuɗin kallo ya yi yawa, a koma na sata ne ko akwai dabara?

Malam Isa: Assalamu alaikum. Kuɗin Netflix, Disney+ da Prime Video sai hawa yake yi, finafinan kuma sun rarrabu, wannan yana can, wancan yana nan. Shi ya sa mutane ke komawa shafukan sata. Masana, mene ne mafita?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Ba tsadar kaɗai ba ce. Netflix ya kawo tsari mai talla a 2022, a 2023 ya takura masu raba lambar sirri da waɗanda ba gida ɗaya suke ba, Prime Video kuma ya fara sa talla a 2024. Shawarata karɓa-karɓa: a biya guda ɗaya, a kalli abin da ake so cikin wata, a soke, a koma wani. A soke tun ranar da aka biya, domin kallo ba ya tsayawa sai kwanakin sun cika. Kafin a biya, a duba JustWatch, shafin binciken finafinai, a ga wace manhaja ce ke da fim ɗin.

Injiniya Bello: Hajiya, a ƙara da wannan, nan ne ake yawan cin kuɗin mutane. Goge manhaja daga waya ba ya soke biya. In ta Google Play ko App Store aka yi rajista, can za a shiga a soke, in ba haka ba duk wata sai an cire. Sannan mai kallo a waya ba ya bukatar tsari mafi tsada. A Netflix, awa ɗaya tana cin data kusan 1GB a matsakaicin hoto, 3GB a HD, har 7GB a 4K. A ƙaramin allo ido ba ya gane bambancin.

Malam Isa: To na satan fa? Masu yi suna cewa kyauta ne.

Injiniya Bello: Kyauta a baki, Malam. Manhajar da aka yi wa kwaskwarima, wadda ake saukewa ta APK, wato fayil ɗin sa manhaja a wayar Android, takan nemi izinin karanta saƙonni ko na sarrafa allo. Me ya haɗa kallon fim da saƙonninka? Da wannan izinin ake kwashe lambar da banki ke turowa. A kwamfuta kuma, fim ba ya ƙarewa da .exe ko .lnk, in an ga haka, manhaja ce ta sa rigar fim, kada a buɗe. Torrent ma, wato hanyar sauke fayil daga na'urorin wasu mutane, yayin da kake saukewa kana rarraba wa wasu, kuma duk wanda ke kan fayil ɗin yana ganin adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet.

Hajiya Rabi: Akwai kuma masu sayar da asusun manhajojin kallo da araha. Da yawa na sata ne, mai shi na canza lambar sirri shi ke nan, kuɗi ya tafi, ba wanda za ka kai wa ƙara.

Malama Zainab: Halastattu na kyauta suna nan: Tubi da Pluto TV a ƙasashen da suke aiki, da tashoshin kamfanonin fim a YouTube, talla ce ke biya. Amma Hajiya, mai karɓa-karɓa ya lura, abin da aka sauke a Netflix yana rufewa da ƙarewar biya, wasu ma awa 48 bayan an fara kallo.