Neman kalma: me za mu kira emulator da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, masu Hausa da 'yan gem ku zo ku fitar da ni. Jiya da daddare ɗan yayata ya kawo min na'urar gem ɗinsa Nintendo Switch wai kawu zo ka ga abinku na da, ina dubawa sai ga Super Mario Bros na 1985, shi ɗin dai da muka riƙa bugawa a kaset ɗin nan rawaya da ake rubuta gem dubu tara da ɗoriya a jiki alhali in ka ƙirga ba su fi goma ba, sauran duk maimaici ne. Ba kaset, ba hura iska a bakin kaset, saukewa kawai ya yi daga intanet. Sai yaron ya ce to ya aka yi gem ɗin da aka yi wa tsohuwar na'urar Nintendo ta 1983 yake tashi a kan ta 2017? Na buɗe baki zan yi bayani Hausar ta tsaya min a wuya, sai emulator emulator nake ta cewa kamar shi ne bayanin. Download dai mun gama da shi, sauke ya zauna daram. Wannan ɗin ne nake nema.

Wani malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Ai ba sai an wahala ba, asalin kalmar kwaikwayo take nufi, sai a bi ƙa'ida kamar marubuci da masaƙi a ce makwaikwayi.

Mai tambaya:
Malam Allah ya ƙara ilimi, na gwada shi a baki sau uku harshe na sarƙewa. Kuma da yawa wasa suke ce wa gem, ka ga in na ce makwaikwayin wasa wallahi ɗan fim za a ɗauka nake nufi.

Wani da ya karanci kwamfuta:
Bari a fara sanin aikin abin tukuna. Gem ba komai ba ne illa tarin umarni da aka rubuta wa ƙwaƙwalwar wata na'ura takamaimai, kuma kowace ƙwaƙwalwa da yarenta, ta tsohuwar Nintendo daban ta Switch daban, in ka miƙa wa sabuwar umarnin tsohuwa kai tsaye ko harafi ɗaya ba za ta gane ba. To manhajar nan ita ke tsayawa a tsakani, gem ya ce Mario ya yi tsalle da tsohon yare, ita ta karɓa ta faɗa wa sabuwar na'ura da nata yaren, haka hoto haka sauti haka maɓallan hannu, kuma sai ta yi komai a kan lokaci don wajen hoto sittin ake zanawa a daƙiƙa ɗaya, in ta makara kaɗan sai ka ji kiɗan yana ja kamar kaset ɗin rediyo da batir ya yi sanyi. Ni tafinta zan ce. Tafintan gem.

Wani mai gidan gem:
Injiniya ka yi bayani amma tafinta ba zai yi ba, ni na san mutanena. Mu da muka buɗe shago tun zamanin PS1, wato PlayStation ta farko, mun sha fama da gem ɗin ƙwallo Winning Eleven na Japan, rubutun duk Japananci, yara haddace wajen dannawa kawai suke yi, sau biyu ƙasa sau ɗaya dama ka shiga canjin 'yan wasa. Duk wanda ya ji tafintan gem zai zaci abin da ke mayar da wancan rubutun Turanci ne. Ni a ce masa sojan gona kawai a huta, tunda kayan wani yake sawa. Kuma gaskiya ɗaya ce, yaran yanzu da ke buga gem ɗin PSP, ƙaramar PlayStation ta hannu, a waya ba ruwansu da wata kalma, sunan manhajar kawai suke kira, PPSSPP.

Wata 'yar'uwa:
Sojan gona ya ba ni dariya amma shi ai kama shi ake yi a kai wa hukuma, wannan kuma kamfanin da kansa ne ya saka abinsa. Ku tsaya in kawo na kakanmu, maharbi ne Allah ya jiƙansa. In zai shiga farauta yana da kan burtu na itace mai dogon baki da yake ɗaurawa a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane ya duƙa yana tafiya yana sunkuyar da kan kamar mai kiwo, namun daji da tsuntsaye su ga ai burtu ne ɗan'uwa su saki jiki har ya matso. To ba abin da sabuwar na'urar ke yi kenan ba? Ta yi shigar tsohuwa, gem ɗin ya duba ya ga kamar gida ya saki jiki ya tashi. Shigar burtu dama tana bakin kowa.

Mai tambaya:
Kai Hajiya, wannan ya shige ni. Kuma gajere ne, burtu, ka ce na sa burtun Sega a wayata ba wanda zai ciji harshe.

Wanda ya karanci kwamfuta:
Na sallama, tafinta ya kama yadda abin ke aiki a ciki, burtu ya kama abin da gem ɗin ke gani, kuma nata ya fi daɗin faɗa. Sai dai a kula ba duk tsohon gem da ya tashi a sabuwar na'ura ne ta burtu ya bi ba. PS2 da ta fito a 2000 tana cin faifan PS1 ne saboda ƙwaƙwalwar PS1 ɗin ta gaske tana cikinta, haka PS3 ta farko-farko a 2006 ta zo da kayan cikin PS2, daga baya aka cire don rage kuɗin ƙira, shi ya sa masu siririyar PS3 suka sa faifan PS2 ya ƙi. Wannan ba shiga ba ce, ɗauke da ita take.

'Yar'uwar:
To wannan goyo ne ai. Sabuwa ta goya tsohuwa.

Malamin Hausa:
Goyo na yarda da shi ba gardama. Burtu kuma ina da ja guda, shigar burtu a Hausa yaudara take nunawa, mai karatu zai iya ɗauka abin na 'yan damfara ne. A rubutu na ilimi ni dai makwaikwayi zan ci gaba da sawa. Sannan ina roƙo, kalmar classic ɗin nan ta fitattun tsofaffin gem da nake gani ana fassarawa wasannin gargajiya a daina, gargajiya langa ce da dara da 'yar carafke. Kuma tsohon gem kawai bai isa ba, akwai tsofaffin da ko kyauta ba mai so. Wanda ya tsufa bai gundura ba tsohuwar zuma ce.

Mai tambaya:
Tsohuwar zuma ta wuce ba hamayya malam. Yaudarar kuma ai gem ɗin ake yaudara, ba mutum ba, ni ban ga laifi ba. Wani abu ma da yaron ya nuna min, kalmar sauke tana ɓoye wata magana. A zamanin na'urar Nintendo Wii, daga 2006, kowane tsohon gem saya kake yi ɗai-ɗai da maki, na tsohuwar Nintendo maki 500, na Nintendo 64 maki 1000, har aka rufe shagon Wii na intanet a 2019. A Switch kuwa tun 2018 kuɗin rajista kake biya, ka sauke su a dunƙule, in kuɗin ya ƙare ƙofa ta rufe, ko yana nan ma sai na'urar ta leƙa intanet duk kwana bakwai ta tabbatar. Haka tsarin PlayStation Plus mai tsofaffin gem da Sony ta kawo a 2022. Ka sauke da datarka amma haya kake zaune.

Na dai gwada jimlar a kan yaron ɗazu, na ce masa na'urarka shigar burtu take yi wa tsohuwar zuma. Ya ce kawu mene ne burtu. Sai da na nemo masa hoton tsuntsun da na maharbin tukuna ya kwashe da dariya ya ce oh, emulator.

Mai gidan gem:
Kun gani ko, na faɗa muku. Ni tambayata ɗaya tunda maganar farauta ake, gem ɗin harbin agwagin nan mai bindigar roba fa? Tawa bindigar tana nan a kwali, na jona ta da talabijin ɗin bango ko agwagwa ɗaya ba ta faɗi ba.

Wanda ya karanci kwamfuta:
Alhaji wannan ya fi ƙarfin burtu, bindigar hasken talabijin mai ƙaton baya take karantawa a daidai lokacin da ka danna, ta bango kuma tana ɗan jinkiri kafin ta nuna hoto. In kana da tsohuwar a sito ka karkaɗe ta.