Shin gasar kwangila ce kaɗai ma'aunin aikin ƙaramar hukuma?

Alhaji Garba: Assalamu alaikum. A ganina babu yadda za a yi a san ko ƙaramar hukuma tana kashe kuɗin jama'a yadda ya dace wajen kwashe shara, gyaran hanya ko yashe kwata, sai an fitar da aikin fili an ce duk mai iyawa ya kawo farashinsa, har da sashen hukumar da ke riƙe da aikin. Duk bitar da ma'aikata za su zauna su yi wa kansu, ƙarshenta su ce aiki yana tafiya daidai, kuɗi ne kawai bai isa ba. Birtaniya ta bi wannan hanya a zamanin Firaminista Margaret Thatcher: dokar 1980 ta tilasta gasa a aikin gine-gine da hanyoyi, ta 1988 kuma ta ƙara da kwashe shara, sharar tituna, abincin makarantu da gyaran motoci. Tun kafin dokar ta biyu, wani binciken masana tattalin arziki a 1986 ya nuna cewa hukumomin da suka sa kwashe shara a gasa sun rage abin da suke kashewa da kimanin kashi 20 cikin ɗari.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ban musanta ragin ba, amma ya kamata a tambayi daga ina ya fito. Wani ɓangarensa gyaran tsarin aiki ne na gaskiya, wani ɓangaren kuwa daga jikin ma'aikata aka yanke shi, musamman mata masu sharar ofisoshi da masu dafa abincin makarantu, waɗanda aka rage wa sa'o'in aiki da haƙƙoƙi domin farashi ya sauko. Sannan ƙasar da ka kafa hujja da ita ta janye daga tilasta gasar. Gwamnatin Tony Blair ta yi dokar 1999, wadda ta fara aiki a Afrilun 2000, ta ce kowace hukuma ta yi bitar dukkan ayyukanta cikin shekara biyar da tambayoyi huɗu: me ya sa ake yin aikin tun farko, ya yake idan an gwada shi da na wasu hukumomi, me masu amfana da shi suke cewa, sannan ko gasa za ta kawo wanda ya fi. Ka ga gasa ta koma ɗaya daga cikin huɗu.

Malam Isa: Na yi aikin akanta a wata ƙaramar hukuma har na yi ritaya, kuma akwai matsalar da ke gaba da wannan jayayya. Yawancin sassa ba su san nawa aikinsu yake ci ba. Idan ka buɗe littafin sashen tsaftar muhalli za ka ga albashin leburori da kuɗin tsintsiya da shebur, amma man da motar shara take sha yana ƙarƙashin sashen ayyuka, gyaranta yana garejin hukuma, fanshon direbanta yana wani asusu daban, motar kanta kuma an saye ta shekarun baya daga kuɗin manyan ayyuka, babu wanda yake lissafa tsufanta. Idan ɗan kwangila ya kawo farashinsa aka ajiye shi kusa da wannan adadi, sai a ga kamar hukuma ta fi arha nesa ba kusa ba. Wani lokacin kuma akasin haka ake samu, a ba da kwangila a yi murnar an samu rara, alhali ma'aikatan da aka ce an daina bukata suna nan ana biyansu, ga kuma sabon ofishin sa ido da aka buɗe. Saboda haka kafin a yi maganar gasa sai an tattara waɗannan kuɗaɗe wuri guda, a raba su da yawan gidajen da ake kwashe wa shara ko nauyin sharar da aka kai juji, a fitar da kuɗin kowane gida a shekara.

Alhaji Garba: Malam Isa, abin da ka faɗa ƙarfafa mini gwiwa ya yi. Me zai sa sashen da babu mai ja da shi ya wahalar da kansa da wannan lissafi? Birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka ya fara sa kwashe shara a gasa a 1979, ya raba garin yanki-yanki. Sashen hukuma ya sha kaye da farko, sai ya koma ya binciki kuɗinsa, ya sake tsara hanyoyin motocinsa, daga baya ya riƙa cin gasar yana karɓe yankunan. Tsoron rasa aiki ne ya koya musu lissafin da kake magana a kai.

Injiniya Bello: Ranka ya daɗe, Phoenix ta yi nasara ne a aikin da ake iya ƙirgawa, kuma ba ta taɓa sakin dukkan yankunan a lokaci guda ba, domin kada ta rasa motoci da ma'aikatan da za ta koma kansu idan ɗan kwangila ya gaza. Inda takardar kwangila ba ta fayyace inganci ba, mafi ƙarancin farashi yakan fito ne daga wanda ya fi kowa shirin rage aiki. Ɗauki cike ramukan titi. Idan aka rubuta cewa za a biya bisa yawan ramukan da aka cike, mutum zai iya zuba kwalta a rami ba tare da ya yanke gefensa ya daidaita ba, ba tare da ya share ƙura da ruwan da ke ciki ba, ya danna da bayan shebur maimakon injin daddanna, a ƙirga masa rami guda. Ruwan sama na farko zai ɗaga facin, a sake biyansa a kan ramin nan. Wanda ya yanke ya share ya daddanna da kyau farashinsa zai fi tsada, zai kuma faɗi a gasar, ko da yake facinsa zai yi shekaru. Arha ba ta ado. Abin da ya kamata a rubuta shi ne tsawon lokacin da facin zai yi, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har wa'adin ya cika.

Akwai kuma haɗarin da farashi ba ya nunawa. Lokacin da kamfanin Carillion ya durƙushe a Janairun 2018 da ɗimbin kwangilolin gwamnatin Birtaniya a hannunsa, sai da hukumar gundumar Oxfordshire ta sa 'yan kwana-kwana cikin shirin kai abinci makarantu a madadin kamfanin. A Faransa ma birnin Paris ya ba kamfanoni biyu rarraba ruwa a 1985, ya karɓe shi a 2010, ya kuma rage kuɗin ruwa da kashi 8 cikin ɗari a 2011. Kwangilar shekara 25 ba gasa ba ce bayan ranar da aka sa hannu.

Hajiya Rabi: Duk kuna magana ne daga ɓangaren ofis, har yanzu ba a sako wanda ake yi wa aikin ba. Mazaunin lungu ya san cewa motar shara tana bin babban titi inda masu dubawa suke wucewa, ta bar nasu juji ya yi sati, kuma wannan ba zai fito a littafin akanta ko takardar kwangila ba. A birnin Bangalore na Indiya, wani masanin tattalin arziki mai suna Samuel Paul ya fara tambayar mazauna gari kai tsaye game da ruwa, lantarki da asibiti, aka buga sakamakon a 1994, aka maimaita a 1999 da 2003, hukumomi suka ga makinsu a jarida. A Yuganda bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai na tallafin da ake warewa bisa yawan ɗalibai yake isa makarantun firamare, mafi yawansa yana maƙalewa a hannun hukumomin gundumomi. Da gwamnati ta fara buga abin da ta tura a jaridu, a 2001 sama da kashi 80 ne yake isa. Babu gasar kwangila ko ɗaya a nan, Alhaji, iyaye da malamai ne suka san abin da ya kamata ya zo musu.

Malam Isa: Hajiya ta yi gaskiya, sai dai kada mu ɗauka tsarin 1999 da Malama Hadiza ta kawo ba shi da aibi. Ya zo da tarin ma'aunai da masu duba aiki, har ma'aikata suka riƙa kashe lokaci mai yawa wajen cike takardu, kuma da zarar an ɗora yabo ko hukunci a kan wani adadi sai a koma yi wa adadin aiki. Hukumar binciken kuɗi da Birtaniya ta kafa a 1983, wadda ta riƙa lura da wannan tsari, an rufe ta a 2015. Ita ma bita tana cin kuɗi, don haka ban ga hikimar a yi wa ɗan ƙaramin aiki irin binciken da za a yi wa ruwan sha ko hanyoyi ba.

Alhaji Garba: Na karɓi maganar Injiniya cewa sai an rubuta inganci a fili, na kuma karɓi cewa ruwan famfo ba irin shara ba ne, domin bututu ɗaya ne ke shiga gida. Amma a ayyukan da ake da masu iya yi da yawa ina nan a kan bakana. Jin ra'ayin jama'a zai gaya maka aiki ya lalace, ba zai gaya maka ko wani zai iya yin sa da rabin kuɗin ba.

Malama Hadiza: Gwada hukuma da takwarorinta masu irin girmanta zai gaya maka hakan, Alhaji, in dai an bi lissafin Malam Isa iri ɗaya a ko'ina. Tambayata gare ka ita ce yankin karkara mai gidaje a warwatse, inda idan an nemi farashi kamfani ɗaya ne zai zo, wani lokacin ma babu ko ɗaya. Da wane ma'auni za ka auna aikin hukumarsu?