Darussan bai-ɗaya a jami'ar Kirista: abin da aka faɗa

Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna kan tambayar ɗan'uwanmu na yankin Sumaila, wanda ɗansa ya samu gurbin karatu a Jami'ar Bingham ta ECWA da ke Karu, jihar Nasarawa. Tambayar a kan darussan bai-ɗaya (GST) ce, waɗanda kowane ɗalibi ke yi a can: shin na coci ne?

1. Kowa ya yarda darussan GST ba ƙirƙirar coci ba ne. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) ce ta wajabta su. Ko BUK yaro ya shiga sai ya yi Turanci, al'adun Najeriya, falsafa, zaman lafiya da koyon sana'a. Ɗalibin likitanci da na lissafi duk aji ɗaya.

2. A tsarin manhajar jami'o'i na 2022 da ake kira CCMAS, NUC ke tsara kashi 70 na manhaja, jami'a ta cike kashi 30.

3. Inda aka rabu shi ne darasin Baibul da halartar sujada. 'Yan'uwa Kirista sun ce tarbiyyar suke biya wa kuɗi. Wasu Musulmi sun ce a tambayi jami'ar a rubuce, kafin a sayar da buhun gyaɗa ko sa, ko ana ɗauke wa yaro waɗannan biyun, da kuma inda zai yi sallah. Wasu kuma suka ce a nemi wata makarantar kawai. Ni dai ina tare da masu tambaya.

4. Wata jami'ar Kiristan, Babcock, ta 'yan cocin Adventist ce, Asabar ranar ibadarsu, dokokinta daban.

5. Tsofaffin ɗalibai sun ja kunne: wanda ya faɗi GST ba ya kammalawa sai ya maimaita. Yaran ƙauye Turancin ne ke kayar da su, don haka a fara karatu tun kafin tafiya.