Me kuka karanta kwanan nan? A taimaka da shawara

Maman Walida: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Na ƙoshi da labarin kishiya da uwar miji, ina son littafin da zai riƙe ni har in manta da waya. Ko na binciken kisa, ko na tarihi, ko na ban dariya. Turanci ma ina karantawa, amma na fi son Hausa. Me kuka karanta kwanan nan?

Na Jibiya: Wa alaikumus salam. Hajiya, in wanda zai hana ki barci kike so, nemi Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Ban jima da gama shi ba. Marubucin ɗan Katsina ne, littafin kuma ya fito a 1982. Labarin Mailoma ne, wanda ya tara 'yan ta'adda bayan yaƙin basasa, lokacin da makamai suka yi yawa a hannun mutane, ga waɗanda suka saba da bindiga ba su da abin yi. Littafi ne mai kauri amma ba ya gundura. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne yadda mutum ya zauna shekara arba'in da wani abu baya ya zana yadda ake tara yara a daji a ba su bindiga da ƙwaya. Mu da muke bin hanyar Jibiya da Batsari mun san wannan ba tatsuniya ba ce. Sai dai akwai zubar da jini sosai a ciki, ki sani tun yanzu.

Maman Walida: Innalillahi. To zan iya barin shi a falo yara su gani?

Na Jibiya: A'a Hajiya, ki ajiye shi a ɗaki. Na manya ne.

Malam Babba: Madalla da wannan tambaya, 'yata. Na Jibiya ya yi gaskiya. Ki haɗa da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, shi ma 1982, gasa ɗaya ce ta fito da su, wadda Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Wannan kan fasa-ƙwauri yake, da wani attajiri Alhaji Gabatari wanda kuɗinshi ya saye bakin kowa. Bai kai na Gagare tashin hankali ba, amma ni na fi ganin gwanintarshi, don mugun da ke cikinshi ba a daji yake ba. Yana sahun gaba a masallaci, ana yi mashi ranka ya daɗe. Duk wanda ya girma kusa da iyaka ya san irin mutumin.

Auta: Allah shi gafarta Malam, ni fa tambayata daban ce. Akwai labarin kimiyya da Hausa kuwa? Irin na sararin samaniya da baƙin halittu. A makaranta abokaina cewa suke sai da Turanci.

Malam Babba: Akwai, ɗana, kuma ya girmi mahaifin wasunsu. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, shekarar da 'yan Amurka suka sauka a kan wata. Wani yaro ne Kilba ya haɗu da baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, ya ɗauke shi suka yi yawo a sararin samaniya. Ɗan ƙaramin littafi ne, za ka iya gamawa tsakanin La'asar da Isha'i. Don yara aka rubuta shi, kada ka je da tsammanin lissafi mai zurfi. Amma ka lura da yadda ya samo kalmomin da zai kwatanta abin da babu shi a garinmu ba tare da ya jibga Turanci ba. Wannan aikin shi ne mai wuya, kuma ya yi shi.

Auta: Na gode Malam. Ni kuma wanda na gama shi ne Lagoon na Nnedi Okorafor, ya fito a 2014. Iyayenta 'yan Najeriya ne, a Amurka aka haife ta. Baƙin halittu ne suka sauka a tekun Legas, ba Landan ba, ba Niyok ba. Daɗinshi yadda kowa ya ɗauki abin ta fuskarshi: fasto yana neman mabiya, 'yan damfara suna neman kuɗi, soja yana neman harbi. Akwai burokan na Legas da yawa a ciki, wanda bai saba ba zai ɗan sha wuya a farko. Ina karantawa ina tunanin da a Filin Polo na Katsina suka sauka, wa zai fara zuwa wajensu.

Ɗan Daura: Mai unguwa ne zai fara zuwa, ya tambaye su wa suka sani a garin. Daga nan a kai su gidan hakimi a ba su ruwa.

Anti Nas: Gaskiyarka, ba za a bar baƙo a tsaye ba. Hajiya, ni ɓangaren binciken kisa zan ba ki, don shi nake karantawa in ina aikin dare kuma marasa lafiya sun samu barci. Agatha Christie, 'yar Ingila. Fara da Murder on the Orient Express na 1934. An kashe mutum a cikin jirgin ƙasa, dusar ƙanƙara ta tare hanya, ba mai shiga ba mai fita, ke nan wanda ya yi kisan yana cikin fasinjoji. Mai binciken, Poirot, ɗan Beljiyam ne, ba ya gudu ba ya harbi. Zama yake ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya ya yi masu tambaya, ya auna maganar wannan da ta wancan har ƙarya ta fito da kanta. Turancin ba mai tsauri ba ne. In kin gama ki nemi And Then There Were None na 1939, mutum goma a wani tsibiri suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shawarata ɗaya, kada ki leƙa shafin ƙarshe, kada kuma ki tambayi wanda ya karanta.

Maman Walida: Anti wannan ya yi mani. Amma me ya sa ba mu da irinshi da Hausa? Ko akwai ne?

Anti Nas: Na yi ta tunanin haka. A ganina rayuwarmu ce ta bambanta. Su labarinsu yana tsayawa ne kan gawa: likita ya duba, a san ƙarfe nawa aka mutu, da me aka mutu. Mu kuwa in mutum ya rasu da safe kafin Azahar an kai shi makwancinshi, kuma dangi ba sa son a taɓa gawa. A wurin aiki ina gani. Sai marubuci ya rasa inda zai kafa binciken.

Malam Babba: Ban yarda gaba ɗaya ba, 'yata. Gawa ba ita kaɗai ce hanya ba. Kin ce da bakinki mutumin nan tambaya yake yi yana auna magana. To wannan ai aikin alƙali ne. Alƙalan da, da muhutinsu, da dogarai, da masu bin sawu waɗanda za su dubi ƙasa su ce maka saniyar da aka sata gurguwa ce kuma ɓarawon yana jan ƙafar hagu. Ga rantsuwa da Alƙur'ani, ga shaidar zur, ga rikicin gado, ga ajiyar da aka ci amanarta. Wanda zai ɗauki alƙali ɗaya a Katsina zamanin Sarki Dikko, tsakanin 1906 da 1944, lokacin da ga shari'ar alƙali ga kuma Razdan da Di'o a gefe, ya ba shi shari'a mai sarƙaƙiya a kowane babi, wallahi da ya yi littafin da za a daɗe ana nema. Kayan aikin suna nan, mai ɗinkin ne bai zo ba.

Anti Nas: Haka ne Baba. Sata da cin amana ma sun isa, ba dole sai kisa ba.

Ɗan Daura: Tunda an zo tarihi, ni Shaihu Umar na sake karantawa, na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Muna yara an sa mu karanta shi don jarrabawa, ba mu ji komai ba. Yanzu da nake da 'ya'ya, wurin da uwar ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi a hanyar hamada, sai da na rufe littafin na ɗan zauna. Ba ya ihu, ba ya zagin kowa, yana ba da labarin ne a natse yadda malami ke yi wa almajirai, kuma wannan natsuwar ce take sa abin ya shige ka. Mu da muke bakin hanyar arewa, ta nan irin waɗannan ayarin suka riƙa wucewa.

Malam Babba: Ka haɗa da Ganɗoki na Bello Kagara. Gasa ɗaya suka shiga, ta 1933, wadda Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya ƙarƙashin Rupert East. Kuma ku lura da hannun Katsina a ciki. Tafawa Ɓalewa a Kwalejin Katsina ya yi karatu, ginin da yanzu ya zama gidan tarihi. Bello Kagara ya koyar a nan, daga baya ya zama Walin Katsina. Ƙanenshi Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja. Rabin farko na Ganɗoki shi ne tarihin: Kwantagora, zuwan Turawa, yadda mazaje masu takobi da sulke suka tarar da bindiga mai ruwa. Kirarin da ke ciki a karanta shi da ƙarfi, ba a zuci ba. Daga baya labarin ya koma yaƙi da aljannu, shi da ɗanshi Garba Gagare, nan kuma ni ya fara sakina, ko da yake yara sun fi son wurin.

Ɗan Daura: Abin da ke damuna Malam, har yau ban ci karo da ƙagaggen labari cikakke kan Daura ba. Kowa ya san Bayajidda ya zo, ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, a layi biyar an gama. Amma an ce ranar Juma'a kaɗai ake samun ɗiban ruwa. To sauran kwanakin fa, yaya matan gari suke yi? Tsohuwar da ta sauke shi, me ta gani a wannan dare? Su wa suka ji haushin baƙo ya zo ya auri sarauniya? Nan labarin yake.

Na Jibiya: Haka Korau da Sanau, sarakunan Katsina na da. Kokawa, sirrin da aka ce ta hannun mace ya fita, sarauta ta koma wani gida. Ko ficewar sarakunan Haɓe zuwa Maraɗi bayan jihadi, lokacin da Ummarun Dallaje ya karɓi gari. Gida ɗaya ya rabu, wani a nan wani a can.

Maman Walida: Kun sa ni cikin zurfin tunani. A ba ni na dariya kuma, wanda zan karanta wa yara da dare.

Auta: Magana Jari Ce mana, Anti.

Malam Babba: Shi ne. Ya fara fitowa a 1937, littafi uku ne, aku ne ke ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita. Ki fara masu da Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin da aka soya wa baƙo sannan ta san yadda ta haɗa mijin da baƙon gudu. Sai Sahoro da Sahorama. Ke kuma ki karanta Ruwan Bagaja saboda Malam Zurƙe da Alhaji Imam, yadda kowane ke ɗana wa ɗan'uwanshi tarko gari bayan gari. Dariyar Imam ba ta zagi ba ce, daga halin mutane take fitowa, shi ya sa ba ta tsufa.

Anti Nas: In kina son dariyar da ke da ɗaci a ƙasa, Gandun Dabbobi. Bala Abdullahi Funtuwa ne ya mayar da shi Hausa a 1975 daga littafin George Orwell na 1945. Dabbobi sun kori mai gona don a yi adalci, aladu suka karɓi shugabanci, dokokin da aka rubuta a bango suka riƙa canzawa cikin dare. Manyan yaranki za su gane shi ba sai an yi masu bayani ba.

Maman Walida: Allah shi saka da alheri. To ina ake samunsu? Na san Magana Jari Ce ba ya wuya.

Na Jibiya: Na Imam da Shaihu Umar da Ganɗoki kamfanin ɗab'i na NNPC na Zariya ne ke buga su, masu sayar da littattafan makaranta a babbar kasuwa sukan ajiye. Na Gagare da Tauraruwa Mai Wutsiya ne sai an tona. Ki sa wani ɗalibin sashen Hausa ya duba maki a laburaren jami'a.

Malam Babba: Ina da Turmin Danya da Tauraruwa Mai Wutsiya. Takardar ta yi ja, bangon ɗaya na ɗinke shi da zare, amma babu shafin da ya ɓace. Auta, ka zo bayan sallar Juma'a ka karɓa. Ka fara karanta na Dembo, ka miƙa wa Hajiya ɗayan. Kada a naɗe kusurwar shafi, a sa tsinke.

Auta: In sha Allahu Malam, zan zo.

Anti Nas: Hajiya, na jirgin ƙasan yana wajena, zan ba Auta ya haɗa maki. In kin kai wurin da aka gama yi wa fasinjoji tambayoyi, ki tsaya ki rubuto mana wanda kike zargi kafin ki ci gaba.