Neman shawara: duk abin da na sa wa 'yan wasana a hanya, da takobi suke gama shi

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan ina jan wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar na 2014 (wasan labari ne da ake yi a zaune, kowa da jarumin da yake wakilta, ni kuma ke ba da labarin), mu shida har da ni, duk Asabar bayan la'asar a zauren gidanmu a Zariya. Labarin na ayarin fatake ne: jaruman suna rakiyar wani madugu da ke kai kanwa da turkuɗi kudu ya dawo da goro, irin tafiyar da kakanninmu suke yi zuwa Gwanja, sai dai tawa hanyar cike take da aljanu da dodanni. Damuwata ita ce kullum yaƙi. 'Yan fashi, kuraye, dodon kogo, haka muke ta yi. Asabar da ta wuce faɗa ɗaya ya cinye mana awa biyu. Ƙanwata, wadda zabiya ta zaɓa a wasan, ta kife takardarta ta ce, "Yaya, ni fa waƙa na zo yi, har yau ba wanda ya saurare ni." Maganar ta tsaya mini a rai. Mako mai zuwa ayarin zai isa bakin wani babban kogi, bayansa kuma akwai birni mai ganuwa. Don Allah ku taimaka mini da abin da za su tarar wanda ba sai an zare takobi ba.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Aminu. Ai abin da kake nema yana cikin ayarin naka. Fatake na da ba 'yan fashi kaɗai suke tsoro ba, har da fito. Ka sa su iso kogin ya kawo, jakuna arba'in, kwalekwale biyu kacal, ga wani ayarin ya riga su kwana uku yana jiran layi. Sarkin fito ya yanka musu kuɗi mai nauyi, kuma shi kaɗai ya san inda ruwan yake cin mutum. In sun kashe shi, wa zai ƙetare da su? Sai ka ɗora musu matsin lokaci: goro ba ya jira. Huhun nan lokaci-lokaci sai an kwance, an yayyafa ruwa, an tsince wanda sankara ta kama, in ba haka ba ya ɓata sauran. Duk kwanan da suka ƙara, ka ce huhu ɗaya ya lalace, ka rubuta a gabansu su gani. Sannan ka ba sarkin fiton wata buƙata da kuɗi ba ya biya. Wataƙila ɗansa ya bi wancan ayarin ba da yardarsa ba, yana so a yi masa magana ya dawo. Ka ba madugu da jagaba da uban dawaki kowa ra'ayinsa, ɗaya na cewa a biya, ɗaya na cewa a zagaya ta mashigin kwana biyar. Za ka ga yaran suna gardama da junansu har su manta da kai.

Zainab: Ni kacici-kacici zan ce. Aljanar tsamiya ta tare hanya, ba ta faɗa, tambaya kawai take yi. Ka san al'adarmu, wanda ya kasa amsa sai ya ba da gari. To ita da gaske take karɓa. Duk garin da jarumi ya ba ta, sai ya manta hanyarsa da duk wanda ya sani a cikinsa. Ka fara da mai sauƙi kamar "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", su ce tsintsiya su ji daɗi, sannan ka kawo wanda ka ƙirƙira daga labarin naku. Na gwada wannan da yaran yayata, wani ya zauna shiru kusan minti biyar don ba ya son ba da garin mahaifiyar jaruminsa.

Usman: Tambaya ɗaya, Aminu: ta yaya kake ba da makin ƙarin girma, wato makin da jarumi ke tarawa ya ƙara matsayi? In sai an kashe dodo ake samu, to kai ka koya musu faɗan. Ƙa'idojin bugu na biyar sun yarda ka ba da maki don an warware matsala ta lalama, ko ka ƙara musu matsayi in sun kai wani mataki a labari. Ka faɗa musu wannan ƙarara kafin a fara. Na biyu, ka ari dabarar bugu na huɗu na 2008: a tara nasara, misali biyar, kafin faɗuwa uku. Kowa ya faɗi abin da zai yi, ya jefa ɗan lido mai fuska 20, ka sa ma'aunin a 15, wanda ya kai shi ya yi nasara. Mayaƙi ya riƙe igiyar jaki a cikin ruwa, ɓarawo ya leƙo abin da wancan ayarin ya biya, zabiya ta sanyaya zuciyar sarkin fito. Kuma faɗuwa kada ta tsayar da tafiya, su ƙetare amma jaki biyu sun tafi da kaya.

Anti Hauwa: Usman, na yarda da zancen maki, amma jifan nan ka yi masa yawa. Yarinyar nan cewa ta yi ba a saurare ta ba. In ta buɗe baki ka ce mata "jefa", ai ba ka saurare ta ba har yanzu. Aminu, ka kai su fada. Su cire takalmi tun daga zaure, su durƙusa su yi jinjina, dogarai su amsa "Sarki ya gaishe ku". Sarki ba zai ce musu uffan ba, ta bakin wani bafade za a yi maganar, shi kuma bafaden yana da nasa son rai, yana rage wata kalma yana ƙara wata. Hanya ɗaya da magana za ta isa kunnen sarki kai tsaye ita ce waƙa. Tun ranar Alhamis ka ba ƙanwarka sunayen kakannin sarkin uku da wani yaƙi da ya ci, ta shirya kirarinta. In ta yi, ka bar ɗan lido a ajiye, ka ce sarki ya ɗaga kai ya dube ta.

Usman: Gaskiya ne, Anti. A fada kam a bar mata.

Malam Bashir: Ƙari kaɗan kan birnin. Baƙon fatake a wurin fatoma yake sauka, shi ke ba shi masauki, ya nemo dillali, ya ci la'ada. Ka sa fatoma biyu su yi ta jan rigarsu tun daga ƙofar gari. Kuma a biya su da wuri. Lokacin da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne ake canja dala ɗaya ta azurfa, ka ga cinikin goro sai an wuni ana ƙirga a kan tabarma. A tsakiyar ƙirgan a ce zambar biyu, wato wuri dubu biyu, ta ɓace, kuma yaron madugu ake zargi.

Sadiq: Kada a manta da mai son faɗan cikinsu, shi ma don jin daɗi ya zo. A sa masa kokawa ko dambe a dandalin zango, da kiɗa da 'yan kallo, wanda ya yi nasara ayarinsa ne zai fara hawa kwalekwale.

Aminu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Usman, ka gano ni, sai an kashe nake ba da maki, daga wannan makon na daina. Asabar ɗin nan fito za mu yi da kokawar Sadiq, aljanar Zainab kuma na ajiye ta sai can gaba a tafiyar, lokacin da suka san garuruwan da za su ji zafin bayarwa. Anti, ɗazu na miƙa wa ƙanwata sunayen kakannin sarkin, ta ce in ƙaro mata sunan dokinsa da na mahaifiyarsa. Malam, sarkin fiton nawa ya kamata ya yanka musu a kan kowane jaki?

Malam Bashir: Ka duba abin da ke jakarsu, ka yanka abin da ya fi shi da kaɗan.