Injin niƙana yana toshewa da tsiron dawa, kuma gari yana fitowa da zafi

Mai Kunun Zaƙi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san injin niƙa. Sana'ata kunun zaƙi ce, kuma tun bara na daina sayen tsiro a kasuwa, na koma yin nawa da jar dawa a gida. Injin nawa ƙarami ne mai faifai biyu, injin fetur samfurin GX160 ne yake jansa da bel, kuma da shi muke markaɗen gero da safe, mu niƙa tsiro da yamma. Makonni uku ke nan da ya canza hali. Da zarar an zuba tsiro kamar kwano ɗaya sai ya fara nishi, garin ya riƙa fitowa a dunƙule da zafin da hannu ba ya jurewa, daga nan ya tsaya cak, bel yana ta kuka a kan fuli. Idan yaro ya buɗe, sai mu tarar garin ya manne a haƙoran faifan kamar an shafa tuwo. Kunun ma ya rage zaƙi, kuma jiya na ga baƙi-baƙi a gindin bokiti bayan na tace. An ce mini in sayi sabon faifai, amma ina so in fahimci matsalar kafin in kashe kuɗi.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki yi gaggawar sayen faifai. A kashe injin, a zare wayar fulogi, sannan a buɗe a shafa haƙoran da yatsa. Idan har yanzu suna da kaifi kuma ramukan da ke tsakaninsu ba su shafe ba, faifan yana da sauran aiki. Idan sun yi sulɓi, masu gyara suna sake yanka musu haƙora, wanda ya fi sayen sabo sauƙi.

Abin da na fi zargi shi ne notin da ake matse faifan da shi. Yara masu niƙa suna da ɗabi'ar ƙara matsewa duk lokacin da suka ga gari bai yi laushi ba, har ƙarfe ya koma yana cin ƙarfe, kuma daga nan zafin yake fitowa, daga nan ne kuma baƙin da kika gani a bokiti. A sassauta har faifan ya juya da hannu ba tare da gogayya ba, a tayar da injin, a zuba hatsi, sannan a riƙa matsewa kaɗan-kaɗan. Kada a bar shi yana gudu a matse babu komai a ciki. Shi kuma bel, a danna tsakiyarsa da babban yatsa: idan ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya ko ɗaya da rabi, ya saki, sai a ja injin baya a ɗaure. A girgiza sandar da faifan yake kai. Idan tana wasa, boris ya ci, kuma faifan da ke rawa yakan niƙa ta gefe ɗaya ya bar ɗayan. Tun da an taɓa shi, a yi wa injin fetur ɗin juye, domin ƙa'idar wannan samfurin ita ce canza baƙin mai bayan kowace awa 100 ta aiki, kuma abin da yake ci bai wuce kashi 6 cikin 10 na lita ba. A kuma kakkaɓe matatar iska, wadda ƙurar gari take toshewa da wuri.

Mai Inji a Bakin Kasuwa:

Duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, sai dai ni ina ganin laifin ya fi karkata ga tsiron da kuma tsarin aikin. Hajiya ta ce makonni uku, kuma a daidai wannan lokacin ne damina ta kankama a wajenmu. Tsiron da aka shanya a ranar da hadari ya rufe yakan bushe a waje alhali cikinsa da danshi, kuma irin wannan ba ya farfashewa, latsewa yake yi ya cika haƙoran faifai. Ni idan aka kawo mini tsiro, sai na ɗauki ƙwaya na ciza. Idan ta ce ƙas ta bar farin gari a haƙori, na niƙa, idan kuwa ta lanƙwashe, na mayar wa mai ita ta ƙara shanya, ko da za ta ji haushi.

Na biyu, injin da aka yi markaɗe da shi da safe ba ya bushewa da kansa kafin yamma. Ruwa yana maƙalewa a bayan faifai da jikin sukurin da ke tura hatsi, busasshen gari kuwa yana haɗuwa da shi ya zama kwaɓi. A kwance faifan bayan markaɗe, a wanke, a kife a rana, kuma kafin niƙan tsiro a fara wuce da ɗan tsakin masara a ba kaji. Sannan kada a nemi laushi a zubi ɗaya: a ɓarza da farko faifai a sake, a maimaita a matse kaɗan.

Malamar Kimiyyar Abinci:

Game da raguwar zaƙi, 'yar'uwa, ba zan ɗora wa injin laifin duka ba. Zaƙin tsiro yana zuwa ne daga sinadaran da ƙwayar take samarwa lokacin da take tsirowa, waɗanda suke narkar da sitaci su mayar da shi sukari. Zafi yana kashe su, amma sun fi jure shi a busasshen gari fiye da a cikin ruwa, saboda haka tsiro mai danshi a inji mai zafi zai yi asara, haka kuma wanda aka zuba a damammen gero tun yana tururi. Sun fi aiki tsakanin digiri 60 zuwa 70 a ma'aunin Selsiyos, kuma idan aka haura 80 aikinsu ya ƙare. Masu dafa burukutu da wannan tsiron suke aiki, masu yin giyar sha'ir a gida a Turai da Amurka kuwa ba sa son laushi sosai: injinsu mulmulallun ƙarafa biyu ne masu juyawa, masu tazarar kusan milimita ɗaya, suna fasa ƙwayar su bar ɓawon domin ya zame musu matata. Ke ma da za ki tace kunu, ɓarzajjen tsiro ya ishe ki.

Ki kuma tabbatar ana murje saiwoyi da tohon a sheƙe su kafin niƙa, domin a tohon dawa akwai sinadari mai guba, ban da ɗacin da yake sa wa kunu. Baƙin gindin bokiti kuwa, ki shanya shi ki kusanto da maganaɗisu. Idan ya manne, garin ƙarfe ne.

Mai Kunun Zaƙi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Mun buɗe yau da safe, haƙoran suna nan da kaifinsu, amma notin a matse yake har sai da aka sa sifana, kuma baƙin ya manne wa maganaɗisu. Tsiron ma da na ciza lanƙwashewa ya yi, don haka na sake baza shi a kan rufin kwano. Sandar tana ɗan wasa ta gefen fuli, saboda haka Baba, ina so in ji ko dole ne a canza boris biyun tare, ko kuwa na gefen da ya ci kaɗai.