Abin da aka ce kan bak-aksul ɗin tsohuwar 504

Ranar kasuwar Wudil mun taru a inuwar darbejiya kan a-kori-kurar kawuna, Peugeot 504 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna. Bak-aksul ɗinta, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya, ya fara kuka, mai kuma ya jiƙa cikin tayar hagu.

Dattijon makanikenmu ya ce a fara da kunne. In kukan na ƙaruwa wajen shan kwana, boris ɗin taya ne. In kuwa yana canzawa lokacin da ka taka totur ko ka saki, haƙoran giyar tsakiya ne suka cinye. Ya kwance noti ya tsiyayo man a tafin hannu, sai ga ɓurɓushin ƙarfe yana walƙiya a rana. Ya ce, "Yaro, wannan ta jima tana shan wuya."

Kan gyaran shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya tayar baya, aka ja. Wani direba ya ce a gasa shaf ɗin da ya lanƙwashe a miƙe shi. Sauran suka ƙi, ni ma ina bayansu: ƙarfen da ya sha wuta ya rasa taurinsa, yana iya karyewa da lodin gero a kai. Gara a nemo na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, a je da tsohon a gwada tsawo, a ƙirga haƙora.

Oyil sil kuwa, wato robar da ke hana mai yoyo, sabo za a sa, a canza takalmin birkin da ya sha mai, a zuba man giya lamba 90. Kawu ya amince zai rage yawan buhunan da yake loda mata.